AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kafin Ka Sayar Da Sanka Ka Sayi Mataccen Injin Niƙa

A wannan mako za mu ba da mafi yawan lokacinmu ne ga wasiƙa guda ɗaya, wadda ta fito daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Maigatari ta jihar Jigawa, domin kuwa tambayar da ke cikinta ta shafi manoma da 'yan kasuwa da yawa, tun daga Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, har zuwa 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka wajen Dungas da Magarya.

Mai wasiƙar manomi ne, yana kuma taɓa cinikin riɗi da zoɓo da rani. Ya ce ran wata Alhamis da ya je cin kasuwar Maigatari, wani dillali ya ja shi gefe, ya kai shi wani zaure, ya nuna masa tsohon injin niƙa irin mai manyan ƙafafun nan biyu, wanda ya shekara da shekaru bai tashi ba tun bayan rasuwar mai shi. Kuɗin da aka sa masa bai kai rabin na sabon inji ba. A ƙauyensu kuma babu injin niƙa, mata da yara sai sun ɗauki hatsi a ka sun tafi wani gari, ko kuwa su kwana suna fama da turmi. Ba shi da kuɗi a ƙasa, amma yana da shanun huɗa biyu, yana tunanin ya sayar da ɗaya ya sayi injin. Tambayarsa ita ce, ya saya ko ya bari? In kuma ya saya, ta yaya za a tashe shi?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsarmu a taƙaice ita ce: irin wannan inji yana gyaruwa, kuma in ya gyaru yakan daɗe yana aiki, amma ba kowane matacce ne ke tashi ba. Kada ka kai sanka kara sai ka tabbatar da abu uku: na farko injin na wane ne, na biyu me ya kashe shi, na uku nawa zai ci kafin ya fara mayar maka da kuɗi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

WANE IRIN INJI NE?

Bisa ga yadda ka siffanta shi, injin nan shi ne wanda jama'a ke kira Lista. Asalin sunan na wani kamfani ne, R. A. Lister, wanda aka kafa a 1867 a garin Dursley na ƙasar Ingila. A wajejen 1930 ne kamfanin ya fara ƙera wannan samfuri mai amfani da man gas, mai fistin ɗaya, wanda ake sanyaya shi da ruwa, kuma bai daina ƙera shi ba sai a 1987. Wanda aka fi sani a cikinsu yana da ƙarfin doki 6, yana juyawa sau 650 a minti ɗaya, nauyinsa kuwa ya haura kilo 300, domin kusan dukkansa zubin ƙarfe ne.

Sirrin daɗewarsa shi ne rashin gaggawa. Kwatanta shi da injin nan ɗan Caina mai tukunyar ruwa a ka, wanda ya cika kasuwanninmu: shi yana da ƙarfin doki 12, amma yana juyawa sau 2,000 a minti. Wato duk lokacin da Lista ya juya sau ɗaya, ɗan Caina ya juya sau uku. Abin da ke gudu haka dole ya fi saurin cinye kansa. Shi ɗan Caina ya fi ƙarfi, ya fi sauƙin ɗauka, kayansa kuma suna ko'ina. Shi kuwa Lista kamar raƙumi yake, tafiyarsa a hankali amma ba ya gajiya da wuri.

Sai dai ka sani, Malam, ba duk mai ƙafa biyu ne ɗan Ingila ba. Kamfanoni da yawa a ƙasar Indiya, musamman a birnin Rajkot na jihar Gujarat, sun daɗe suna ƙera irinsa sak, kuma da yawa daga waɗanda ke ƙauyukanmu nasu ne. Wannan ba aibi ba ne, hasali ma alheri ne, domin saboda su ne har yanzu ake samun kayan gyara. Amma kada a sayar maka da ɗan Indiya a farashin ɗan Ingila. Ka nemi ɗan farantin tagulla da ake mannawa a jikin injin, wanda ke ɗauke da sunan kamfani da lamba da yawan juyi. Ka goge shi, ka sa wani mai karatun boko ya karanta maka.

INJIN NA WANE NE?

Ka ce mai shi ya rasu. To ashe injin ya zama kayan gado, kuma dillali ba magaji ba ne. Sau da yawa akan sayar da irin wannan kaya da yawun ɗa guda, bayan mai saye ya zuba kuɗinsa ya gyara, inji ya fara kuka, sai sauran magada su taso su ce ba da saninsu aka sayar ba. Mataccen inji ba shi da masoyi, amma ran da ya tashi zai yi dangi. Don haka ka ce a haɗa ka da magadan gaba ɗaya, maza da mata, ko wakilin da suka yarda da shi.

Har ila yau, akwai injunan da suka shigo ƙauyuka ta hannun gwamnati ko ƙungiyoyi, alal misali a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987, da wasu shirye-shiryen da suka biyo baya. Irin wannan inji na ƙungiya ne, ko da kuwa ya shekara 20 a zauren mutum ɗaya. Kuma tun da yake kuna bakin iyaka, inda kaya ke shiga suna fita, sai an ƙara lura da kayan da ba a san asalinsu ba. In ciniki ya faɗa, a yi shi gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta takarda mai ɗauke da lambar injin da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. La'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a sallama.

ME YA KASHE SHI?

Mu da muka taɓa riƙe alli mun san ba a ba yaro maki sai an duba takardarsa. Haka ma inji. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ɗauki bakanike wanda ya san Lista, ba mai gyaran babur ba, kuma kai za ka biya shi ladan dubawa, ba dillali ba, domin wanda ya biya shi ake gaya wa gaskiya. Ku je da rana tsaka, ku jawo injin waje inda haske yake. Ga abubuwan da za ku duba.

Na ɗaya, gangar jikin. A goge ƙura da busasshen mai da tsumma da kananzir, a bi ko'ina ana neman tsagewa ko tabon walda, musamman a kan injin da jikin silinda inda ruwa ke zagayawa. Zubin ƙarfe ba ya karɓar walda kamar ƙarfen ƙofa. In ba gwani ne ya yi ba, da ya ji zafi sai ya sake buɗewa. In kuma ka ga an shafa sabon fenti a wuri ɗaya kawai, to ka tambayi abin da ake ɓoyewa.

Na biyu, ƙafafun nan biyu da makanikai ke kira filawil. A ɗan ƙwanƙwasa kowace da sifana. Lafiyayyiya za ta yi ƙara mai zaƙi kamar ƙararrawa, tsagaggiya kuwa za ta amsa kamar fasasshiyar tukunya. Ƙafar da ta tsage ba abin wasa ba ce, domin in ta tarwatse tana cikin gudu, ɓaraguzanta na iya fasa bango, balle mutum. Wannan ba a yi mata walda, sai dai a sake wata.

Na uku, a kama ƙafar a ɗaga ta sama a saki, a ja ta gaba a tura baya. In ana jin tana motsi ƙwas-ƙwas, to boris ko metal ɗin da ke riƙe da karanshaf sun cinye. Wannan yana gyaruwa. Amma in karanshaf ɗin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage, to an taɓa babban kuɗi.

Na huɗu, a gwada juya shi. In ya juya, a saki ɗan ƙarfen nan da ake ɗagawa lokacin tayarwa, a ji ko zai turje. Inji mai sauran rai zai ƙi wucewa, har ya nemi mayar da hannunka baya, wato yana riƙe iska ke nan. In ya wuce salin-alin yana huci, to ringi ko bawul sun gaji, kuma waɗannan ƙananan kaya ne. In kuwa ya ƙi motsi sam, to fistin ya kafe, sai an buɗe kan injin kafin a san ko tsatsar zama ce kawai, ko kuwa ya ƙone ne yana cikin aiki saboda rashin mai ko rashin ruwa. Tsakanin biyun akwai tazara mai yawa. In mai kaya ya ce ba za a buɗe ba sai ka biya, to ka yi masa sallama.

Na biyar, a buɗe murfin ciki a sa hannu a taɓo baƙin man da ya kwanta. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa yana shiga. In an murza a yatsa an ji ɓarɓashin ƙarfe, wani abu ya ci wani a ciki.

Na shida, a ƙirga kayan da suka ɓace. Injin da ya daɗe a ajiye yakan zama rumbun makanikai, yau a zare famfon mai, gobe a zare nozul, jibi a ɗauke hannun tayarwa. Famfon mai da nozul su ne masu tsada a cikin ƙananan kayan, don haka in babu su, a rage kuɗinsu daga farashi.

Ka riƙe wannan ƙa'ida: ringi, bawul, gasket, boris, nozul da bel, duk kayan sauyi ne, rashinsu ba ya hana saye. Amma tsagaggiyar ganga, tsagaggiyar ƙafa da karyayyen karanshaf, in biyu daga cikinsu suka haɗu a inji ɗaya, to ba inji ake sayar maka ba, ƙarfe ne, farashinsa kuwa shi ne abin da 'yan gwangwan za su biya in sun ɗora shi a sikeli.

LISSAFI KAFIN CINIKI

Yanzu sai ka sa bakanike ya lissafa maka duk abin da za a saya, a rubuta a takarda, sannan a tambayo farashi a Gumel, abin da babu a nan kuma a tambayo a Kano, wajen Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Kan wannan sai ka ɗora ladan gyara, da kuɗin motar da za ta ɗauko injin, da siminti da dogayen kusoshin kafa shi, da duro na ruwa, da bel, da ɗaki ko rumfa, da man gas na aƙalla wata guda. Kada ka manta da kan niƙan kansa, wato inda duwatsun suke, domin inji daban, kan niƙa daban. Bayan ka tara duka, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda abin da ba a gani ba sai an buɗe, domin tsohon inji ba ya faɗin ciwonsa duka a rana ɗaya. In jimlar ta kai kashi biyu cikin uku na kuɗin sabon inji da kansa, to arahar ta gudu, gara ka ƙara haƙuri ka sayi sabo.

Sai lissafi na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Gida nawa ne a ƙauyenku da rugagen da ke kewaye? Kwano nawa za a kawo a rana, ba ran jajibirin salla ko ran biki ba, a'a, ranar da ba komai? Lafiyayyen Lista mai doki 6 ba ya cika wuce lita ɗaya da rabi na gas a awa ɗaya ko da yana cikin aiki sosai. To ka je wurin mai niƙa a garin da matanku ke zuwa, ka zauna awa guda ka ƙirga kwanon da ya niƙa da abin da ya karɓa, ka cire kuɗin mai da ladan yaro da na gyaran dutse. Gani ya kori ji. Ka tuna kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin sufuri da na kayan gyara duk sun tashi, saboda haka lissafin da wani ya yi shekarun baya ba zai yi maka amfani ba. Kazalika ka sa bashi a lissafi, domin a ƙauye mai niƙa ba ya iya korar kwanon gwaggonsa.

Game da sa kuwa, Malam, a nan ne hankalinmu bai kwanta ba. Shanun huɗa biyu ne ke jan garma, in ka sayar da ɗaya, ba rabin ƙarfinka ka sayar ba, dukkansa ne. In damina ta faɗi inji bai tashi ba, ka rasa huɗa, ka rasa niƙa, garin neman gira an rasa ido. Shawararmu ita ce ka yi wannan harka da kuɗin riɗi ko na zoɓo, ko ka nemi mutum ɗaya ko biyu ku haɗa jari da rubutacciyar yarjejeniya, ko ku shiga adashi. In kuwa lalle sai an sayar da san, to a fara aikin tun da kaka, yadda kafin bazara za ka san matsayinka, har ka sami damar mayar da wani.

YADDA AKE TASHE SHI

To a ce an duba, an yi lissafi, an saya. Abu na farko, kada a yi garajen tayar da shi don a ji kukansa. A kwance shi gaba ɗaya a kan tabarma ko buhu, ba a kan rairayi ba, domin ƙasarmu ta nan yashi ce, yashi kuwa shi ne babban abokin gabar inji. Kowane noti da abin da ya fito tare da shi a sa su a gwangwani guda. Kai ma ka zauna a wurin, domin ranar ce makarantarka. Mai injin da bai san cikin injinsa ba, kullum yana hannun bakanike.

In fistin ya kafe, magani haƙuri ne. A zuba gas ko kananzir da aka gauraya da baƙin mai a kansa, a bar shi ya kwana uku ko mako guda yana tsumuwa, sannan a ɗora guntun icce a kai ana bugawa a hankali. Kada a sa guduma kai tsaye, kada kuma a sa dogon ƙarfe a ƙafa a ce za a murɗa da ƙarfin tsiya. Bayan ya fito a duba cikin silinda. In santsi yake, sabon ringi ya isa. In ya yi zane mai zurfi, wasu injunan Indiya suna da silif da ake zarewa a sa sabo, wanda ba shi da shi kuwa sai an kai wa masu injin gyaran ƙarfe a birni.

A wanke cikin gangar tas da kananzir har sai tsumma ya fito fari. An san wasu injunan Indiya da fitowa daga masana'anta da ragowar yashin zubi maƙale a lungunan ciki, don haka a bi kowane lungu. A kankare ƙanzon da ruwa ya bari a hanyoyinsa, a goge bawul a zaunar da su, a sa sabon gasket, kada a mayar da tsoho. Famfon mai da nozul kuwa ba a kwance su a gindin bishiya, akwai masu aikinsu na musamman da ke da na'urar gwaji. Kuma in ana gwada feshin nozul, kada kowa ya tara hannu, domin ƙarfin feshin yana huda fata, man ya shiga jiki, ya jawo ciwon da kan kai ga yanke yatsa.

A duba gwamna, wato abin da ke hana inji wuce gudunsa, a tabbatar yana motsi ba ya kamewa. Ranar tayarwa ta farko a cire bel, a kori yara, bakanike ya tsaya kusa da abin kashewa. In ya tashi, a bar shi ya yi awa ɗaya ko biyu ba kaya, ana kallon hayaƙi. Baƙin hayaƙi yana nuna nozul ba ta fesawa daidai, ko iska ba ta isa, ko kaya sun yi masa yawa. Shuɗi yana nuna yana cin baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga, ko man ba ya ƙonewa. Bayan kwanaki kaɗan na aiki a juye man farko a zuba sabo. Fenti shi ne na ƙarshe, ba na farko ba.

KAFAWA DA KIYAYE RAI

A yi masa dakali na kankare mai kauri, a binne kusoshi a ciki, a bar shi ya bushe aƙalla mako guda kafin a ɗora. A ja zare tsakanin fulin inji da na kan niƙa a ga sun daidaita, in ba haka ba bel zai riƙa zamewa yana cinyewa. Duron ruwa ya kasance sama da injin, ruwa kuma ya rufe bakin bututun sama a kullum, domin ruwan zafi ne ke hawa da kansa, mai sanyi ya sauko. In ruwa ya yi ƙasa da bututun, zagayen ya tsaya ke nan. Salansa kuma a fitar da ita waje ta bango, a buɗe tagogi, domin hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Sannan, don Allah, a yi wa bel da ƙafafu shinge, ko na katako ne ko na waya. Masu kawo niƙa mata ne da yara, da mayafi da hijabi da zane, kai kuma ga babbar riga. Bel ba ya tambaya. A ja layi inda masu niƙa za su tsaya, mai aiki kuma ya sa 'yar shara ko matsattsiyar riga. Wajen tayarwa, kada a naɗe babban yatsa a hannun tayarwa, a ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsu, saboda in inji ya mayar, kada ya karya shi.

Kulawar yau da gobe ba ta da wuya. Kowace safiya a duba baƙin mai da ruwa, a ɗiga mai inda ake ɗigawa, a bi notina. A juye baƙin mai bayan kamar awa 250 na aiki, da hunturu kuwa da ƙura ta yi yawa a rage, a kuma riƙa wanke matatar iska. Man gas, musamman wanda aka saya a jarka a bakin hanya, a bar shi ya kwana ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, kada a zuba na gindin. Kuma kullum a ware wani abu daga cinikin ranar a ce na inji ne, domin ran da zai nema ba zai yi sallama ba.

SAURAN WASIƘU A TAƘAICE

Wata baiwar Allah daga Sule Tankarkar ta ce wani lokaci in ta karɓo gari daga inji takan ga ya yi duhu, tuwon kuma yana ƙarnin ƙarfe. To Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne. Duwatsun injin niƙa zubin ƙarfe ne, suna cin juna, musamman in an matse su da yawa, ko an bar su suna gudu ba hatsi, ko kuma an dawo da su daga wurin gyara. Mai niƙa na kirki, in ya ɗaura sabon dutse ko wanda aka gyara, yakan fara zuba dusa ko tsakin da ba na ci ba, ya zubar, kafin ya karɓi hatsin mutane. Ke kuma kina iya naɗe mayen ƙarfe a leda ki bi cikin garin da shi, za ki ga abin da zai kwaso. Mai wasiƙarmu na Maigatari, wannan ma naka ne.

Wani ɗalibi kuma daga Gumel yana tambaya ko gaskiya ne Turawa na sayen tsofaffin injuna. Gaskiya ne, ɗana. A Ingila akwai masu neman tsofaffin Lista su gyara su, su yi musu koren fentinsu na asali, su kai wurin baje koli don sha'awa kawai. Haka a Amurka da Turai akwai masu neman tsofaffin akwatunan wasan talabijin da ake jefa wa kwabo, irin su Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, waɗanda kamfanonin Japan suka ƙera, su gyara su ajiye a gida. Bambancinmu da su shi ne, su in abin bai tashi ba nishaɗi suka rasa, mu kuwa jari ne da abincin iyali. Shi ya sa namu binciken ya kamata ya fi nasu tsanani.

To jama'a, a nan za mu dakata saboda lokaci. Malam na Maigatari, muna jiran wasiƙarka ta biyu, ka gaya mana abin da bakanike ya gani bayan an buɗe kan injin. Masu niƙa da makanikan da suka daɗe a wannan sana'a kuma, in akwai abin da za ku ƙara, ƙofa a buɗe take, ku rubuto mu karanta wa jama'a. Allah Ya sa albarka a nema, Ya kiyaye mu da asara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.